Jadawalin da Ya Raba Yayye da Ƙanne

Akwai wani jami'in tsare-tsare a ofishin ilimi na wata gunduma, wanda kowa ke kira Mai Jadawali. Sunan ya bi shi ne saboda ba abin da ba ya zana wa layi da akwati. Ko gaishe da surukai zai je, sai ya rubuta ƙarfe nawa zai zauna, ƙarfe nawa zai miƙe.

Mutum ne mai ƙwazo, wannan ba mai musu. Aibinsa ɗaya: in ya gama tsara abu a kwamfuta, to an gama. Duk wanda ya kawo gyara, sai ya danna biron hannunsa, ƙas-ƙas, ya dube shi ta saman tabarau kamar ya ga ƙuda a cikin shayi.

Matarsa malamar aji ɗaya ce a wata firamare da ke bakin babban titi. Shekararsu huɗu da aure. Shi yana kiranta Malama, ita kuma in tana son tsokanarsa sai ta ce Yallaɓai.

Da annoba ta shigo, aka rufe makarantun gundumar su arba'in da biyu. Aka ce mako biyu. Mako biyun ya zama wata bakwai. Ciyawa ta cinye filin wasa, gizo-gizo ya yi saƙa a jikin alluna, yara kuma suka fara mance yadda ake riƙe fensir.

Wata ranar Alhamis Darakta ta kira shi ofishinta. Dattijuwa ce mai ƙarancin magana, wayoyi biyu a gabanta kowace na ruri.

Ta ce, "Zauna."

"Ranki ya daɗe, na fi jin daɗi a tsaye."

"To tsaya ka ji. Likitan kwamitin lafiya ya yarda a yi gwaji na mako guda a makaranta ɗaya. Sharaɗinsa, kada yara su wuce rabi a harabar a rana ɗaya, kuma ban da cunkoso. Juma'a mai zuwa zai duba. In ya gamsu ya sa hannu, mu buɗe duka arba'in da biyun. In bai gamsu ba, sai baɗi."

Mai Jadawali ya danna biro. "Ranki ya daɗe, ki ɗauka an buɗe."

Ta ɗago ta dube shi. "Ban ɗauka ba tukuna. Ka je ka yi magana da malamai."

Bai yi magana da kowa ba. Ya koma teburinsa ya kunna kwamfuta, kafin a tashi aiki ya fitar da tsari mai launi biyu. Ƙananan azuzuwa, ɗaya zuwa uku, launin kore, su zo yau. Manyan azuzuwa, huɗu zuwa shida, launin shuɗi, su zo gobe. Haka za a riƙa karɓa-karɓa. Wanda yake gida a ranar, za a tura masa darasi ta waya da ƙarfe tara na safe daidai.

Ya buga shi a babbar takarda, ya ja baya ya ƙare masa kallo. Wallahi ya yi kyau. Kowane akwati daidai da ɗan'uwansa.

Makarantar da aka zaɓa don gwajin kuwa, ita ce ta Malama.

Da yamma ya dawo gida ya tarar da ita zaune a kan tabarma, waya a kusa da baki, tana ɗaukar murya. Tun da aka rufe makarantu take yin haka ba da umarnin kowa ba. In rana ta yi sanyi sai ta karanta haruffa, ta rera waƙar ƙirga, ta tura wa iyayen 'yan ajinta.

Ya shimfiɗa takardar a gabanta yana murmushi. "Malama, kalli abin da zai buɗe makarantu."

Ta ajiye wayar. Ta bi launukan da yatsa a hankali, daga kore zuwa shuɗi, ta sake komowa. Murmushinta ya fara raguwa.

"Yallaɓai, aiki ya yi kyau. Amma wa zai tsallakar da su titi?"

"Su wa?"

"'Yan kore. Yarana ba su zuwa su kaɗai. Kowannensu akwai hannun da yake riƙewa da safe, na yaya ko na ɗiyar maƙwabta. Kai kuma ka ce mai hannun ya zauna gida ranar."

"Iyayensu fa? Ina ce su suka haife su?"

"Iyayen sun koma neman abinci tun da aka sassauta dokar fita. Kafin bakwai sun bar gida. Sannan wannan darasin na ƙarfe tara, wayar gidan ɗaya ce, kuma da ƙarfe tara tana aljihun uba a wurin aiki. Shi ya sa ka ga ni sai yamma nake turawa."

Ƙas-ƙas. Ƙas-ƙas.

"Malama," ya ce, yana naɗe takardarsa, "ke ki ji da a, ba, ca, da. Wannan makarantu arba'in da biyu ne, ba aji ɗaya ba. Da riƙe hannu ake tsara gunduma, ai da maigadi aka ba ofishina."

Ta ɗauki wayarta, ta goge muryar da ta fara, ta sake daga farko, sai dai waƙar ta fito a sanyaye.

Washegari da zai fita, ya sa hannu a aljihu ya ji takunkuminsa a wanke, a goge, Malama ta ninke shi huɗu kamar kullum. Ya ɗan tsaya a bakin ƙofa. Ya so ya juya ya ce wani abu, sai wayarsa ta yi ƙara, ya fice.

Kwana ukun nan bai zauna ba. Shi ne auna tazarar benci da tef, shi ne zana da'ira da farin fenti a bakin kowane aji, shi ne jera bokitai masu famfo da sabulu. Hedimasta, wani mai ƙiba da gumi ba ya barin goshinsa, yana biye da shi yana haki. Sau biyu ya buɗe baki zai yi magana, sau biyu biro ya yi ƙas-ƙas, ya haɗiye abarsa.

Ranar Litinin Mai Jadawali ya iso tun shida da rabi. Ya duba agogo. Ya gyara bokitin da yake daidai. Ya sake duba agogo.

An shirya wa yara ɗari da tamanin. Da aka kaɗa ƙararrawa, talatin da ɗaya ne a cikin azuzuwa.

Ya shiga ajin Malama ya tarar da yara biyar a warwatse kamar an watsa tsaba. Ita kuwa tana tsugune tana ɗaure wa wata igiyar takunkumi, ba ta ko ɗago ba.

"Tsoro ne," ya ce wa Hedimasta. "Iyaye ne da tsoro. Gobe za ka gani."

"Yallaɓai, ko za ka leƙa bakin ƙofa?"

Ya leƙa. A wajen katanga, ƙarƙashin wata bishiya mai ƙaramar inuwa, manyan yara ne kusan talatin a cure wuri ɗaya, kafaɗa na gugar kafaɗa, ba mai takunkumi ko ɗaya. Su ne suka rako ƙannensu. An hana su shiga don ba ranarsu ba ce, su kuma an ce musu daga gida kada su dawo sai da yaro a hannu.

Ana cikin haka motar Likita ta tsaya. Dogo ne siriri, ba ya gaisuwa mai tsawo. Ya dubi bishiyar, ya shiga ya dubi azuzuwa, ya fito ya rubuta wani abu a ɗan littafinsa.

"Tsarinka ne wannan?"

"Nawa ne, Likita."

"Ka yi ƙoƙari. Ciki tazara har ta yi yawa, waje kuma an yi curi kamar kasuwa. Cutar dai ba ta san katanga ba."

Ya shiga mota ya tafi.

Mai Jadawali ya sa aka kori yaran. Suka watse, bayan minti goma suka dawo. Ya sake kora, suka koma bayan shagon mai faci suka cure a can.

A gida ranar bai iya cin abinci ba. Ya kai cokali baki sau biyu ya ajiye. Ya tashi ya zagaya tsakar gida, ya dawo ya buɗe kwamfuta, ya duba adadin waɗanda suka buɗe darasin ƙarfe tara. Cikin manyan yara ɗari da tamanin, tara ne. Ya rufe kwamfutar da ƙarfi.

Malama ta rufe masa abincin, ta ce, "Ka bari ya huce, ko kai ka huce, duk wanda ya riga."

Bai yi dariya ba. Bai kuma tambaye ta komai ba.

Talata ranar manya ce. Ya ce a ransa waɗannan ai ba mai riƙe musu hannu, za su cika azuzuwa.

Ba su kai rabi ba.

Waɗanda suka zo ɗin ma, wasu da ƙanne a gefe. Wata yarinya 'yar aji shida ta tsaya a bakin ƙofa, jaka a baya, ƙaninta ɗan aji ɗaya ya riƙe gefen hijabinta tamau.

Mai Jadawali ya ce, "Ke shiga. Shi ya koma gida, ba ranarsa ba ce."

"Malam, ba kowa a gida. Inna ta tafi wurin aiki."

"To ya zauna shi kaɗai mana."

Yarinyar ta dubi titi, inda manyan motoci ke wucewa suna girgiza ƙasa. Ta dubi ajinsu ta tagar da aka buɗe. An rubuta kwanan wata a allo da sabon alli, kuma shekarar nan za su rubuta jarrabawar fita. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta gyara jakarta, ta kama hannun ƙanin, suka juya.

Ya bi su da ido har suka tsallaka. Ta tsaya, ta duba dama, ta duba hagu, ta ja shi da gudu, ta sake tsayawa a tsakiya, ta sa jikinta tsakaninsa da motoci.

Wayarsa ta yi ƙara. Darakta ce.

"Likita ya kira ni. Ya ce ba sai ya jira Juma'a ba. Na roƙe shi ya jira. Me ke faruwa?"

"Ranki ya daɗe, iyaye ne ba su..."

"Na ce ka yi magana da malamai. Ka yi?"

Ya danna biro, ƙas-ƙas.

"Na ji amsarka," ta ce, ta kashe.

Ya tsaya riƙe da waya, ƙafafunsa sun ƙi zama wuri ɗaya. Ya je wajen bokitai ya dawo. Ya je ofishin Hedimasta, bai shiga ba ya dawo. Daga ƙarshe ya sami kansa a gefen bencin maigadi.

Baba Maigadi tsoho ne, shekararsa ashirin da shida a bakin ƙofar nan. Ya matsa masa wuri.

"Zauna, ɗana. Tun jiya kake sintiri kamar kai aka ba gadin."

Ya zauna a can ƙarshen bencin. "Baba, yarinyar nan da ta juya, ka san ta?"

"Ta gidan mai ɗinki? Ai su biyar take kawowa. Ƙaninta, da tagwayen bayan famfo, da jikokin mai gyaran rediyo su biyu. Ranar da ta yi zazzaɓi, benci biyar ke zama ba kowa."

"Su biyar?"

"Wannan kaɗan ne. Akwai wani dogo ɗan aji biyar, shi bakwai yake jerowa kamar agwagwa. Kai dai ka raba ayari ne, ɗana. Ka ce jagora ya zo Talata, matafiya su zo Litinin."

Mai Jadawali ya kawar da kai. Ya tuna abin da ya faɗa wa matarsa game da maigadi da ofishinsa. Ya sa hannu a aljihu zai ciro biro, sai ya taɓo gefen takunkumin ajiya da ta ninke masa. Ya bar hannun a wurin.

Da aka tashi makaranta bai tafi ofis ba. Ya nufi ajin Malama. Ba ranar 'yan ajinta ba ce, amma ta zo tana liƙa hotunan haruffa a bango.

Ya tsaya a cikin da'irar fentin da ya zana da hannunsa a bakin ƙofa. Ya yi sallama.

Ta amsa ba ta juyo ba. "Yau ranar shuɗi ce, Yallaɓai. Nan ajin kore ne."

"Na zo a matsayin ɗalibi."

"Aji ya cika."

"Malama." Muryarsa ta sauka. "Na faɗa miki maganar da ba ta dace ba. Kin gaya mini gaskiya, na raina ta don ba daga kwamfuta ta fito ba. Ki yafe mini. Saura kwana uku, kuma ban san yadda zan yi ba."

Wannan ne karo na farko a shekara huɗu da ta ji ya ce bai san yadda zai yi ba. Ta sauko daga kan kujerar da ta taka, ta karkaɗe hannu.

"Shigo. Amma ka wanke hannu tukuna, dokarka ce."

Ya wanke. Ta nuna masa bencin yara, ya lanƙwashe dogayen ƙafafunsa ya zauna, gwiwoyinsa har ƙirji. Ta ɗauki alli.

"Kada ka raba su da aji. Raba su da gida. Duk waɗanda suke fitowa tare, su zo rana ɗaya, su zauna gida rana ɗaya. Kowane aji zai zo rabi-rabi, ka ga sharaɗin Likita ya cika. Ranar zaman gida kuma yaya na nan tare da ƙanne. In uba ya dawo da waya da yamma, a tura saƙo ɗaya na gidan gaba ɗaya, babban ya karanta wa ƙaramin washegari."

Ya yi lissafi a kansa. "Kenan kowane malami zai koyar da darasi ɗaya sau biyu."

"Sau biyu."

"Ba za su yarda ba."

"Ka tambaye su? Ko yau ma kwamfuta ce ta faɗa maka?"

Ya sunkuyar da kai. Can ya ɗago. "Amma ta yaya zan san waɗanda ke tafiya tare? Rajista ba ta nuna maƙwabta ba."

Ta yi murmushi a karo na farko tun ranar Alhamis. "Ai ka riga ka faɗi wanda ya kamata a ba ofishinka."

Ya kira Darakta ya roƙi a ba shi Laraba ba karatu. Ta ce, "Kwana ɗaya. In ka ɓata shi, ni da kai za mu tsaya gaban iyaye mu yi bayani."

Laraba da safe aka fito da tebura tsakiyar fili, kowa da tazararsa. Malamai goma sha biyu, kowa da rajistar ajinsa. Mai Jadawali ya tsaya gabansu ba biro a hannu. Ya faɗi kuskurensa baki da baki, ya faɗi abin da sabon tsarin zai ɗora musu.

Malamin lissafi na aji shida, wanda aka sani da ƙorafi, ya gyara murya.

"Wato in koyar da kasafi Litinin, in sake koyar da shi Talata?"

"Haka ne, Malam."

"Tab. Ai dama sau huɗu nake maimaitawa kafin su gane. Ka rage mini aiki."

Aka fashe da dariya cikin takunkumi. Hedimasta ya share gumi ya ce, "Da ka tambaye mu tun Alhamis, Yallaɓai, da yanzu na rame da kilo ɗaya kawai, ba uku ba."

Sannan Mai Jadawali ya ɗauko kujerar Hedimasta mai katifa, ya ajiye a gaba, ya je da kansa ya kamo Baba Maigadi.

"A'a, ɗana, ni da benci muka saba."

"Yau kai ne shugaban taro, Baba."

Tsohon ya zauna a ɗarare, ya ɗora sandarsa a cinya. Malama ta tsaya a gefensa. Aka fara.

"'Yan layin mai faci, su tara ne, da ɗiyar mai wanki a gaba," in ji Baba.

"Akwai biyu a ajina," in ji malamar aji biyu.

"Uku a nawa," in ji wani malami.

"A sa su rukunin farko," in ji Malama.

"Gidan mai ɗinki da tagwayen bayan famfo."

"Su ma na farko?"

"A'a," in ji Baba. "Kada ku haɗa su da 'yan layin mai faci. Kullum sai sun yi faɗa a hanya."

Mai Jadawali na gefe da kwamfuta a cinya yana shigarwa. Shi da ya saba ba da umarni, yau cewa yake, "Baba, a ɗan maimaita," da "Malama, wannan na wane rukuni?" In rukuni ɗaya ya fi yawa a wani aji, sai a ɗauke ayari guda cur a mayar ɗaya ɓangaren. Ba a raba ko da mutum biyu da ke tafiya tare ba.

Sai bayan la'asar aka gama. Takardar da ta fito ba ta da kyan gani ko kaɗan. Kibiyoyi ta ko'ina, gyare-gyare a gefe, wani akwatin ya fi wani. Ya dube ta, yatsunsa na ƙaiƙayin su daidaita layukan. Ya danne su.

Saura sanar da iyaye. Ya ce bari ya tura yanzu.

Malama ta ce, "Jira rana ta ƙara sauka. Wayoyin ba su dawo gida ba."

Ya jira. Wannan jiran na awa ɗaya ya fi masa kwana ukun wuya. Ya zagaya fili sau ba adadi. Da lokaci ya yi, kowane malami ya ɗauki murya ya tura wa iyayen ajinsa. Gidajen da ba waya kuma, Baba ya hau kekensa ya biya musu a hanyarsa ta komawa gida.

Alhamis, ƙarfe bakwai saura, Mai Jadawali na tsaye a bakin ƙofa. Titi ba kowa sai motoci. Bakwai ta yi. Bakwai da minti biyar.

"Baba, ko saƙon bai isa ba?"

"Dubi can."

Daga tsallaken titi suka ɓullo. Wani dogon yaro a gaba, bakwai na biye da shi, kowa ya kama rigar na gabansa. Bayansu wani ayarin, bayansa wani. Suna zuwa kashi-kashi, kowane kashi ya tsaya a bokiti, babban ya wanke wa ƙaramin hannu, sannan kowa ya nufi ajinsa.

Ƙarƙashin bishiyar nan kuwa, akuya ce kawai kwance.

Juma'a rukuni na biyu suka zo. Yarinyar gidan mai ɗinki ta iso da biyar ɗinta. Ta miƙa ƙaninta ga Malama a bakin aji, ta juya da gudu zuwa aji shida, jakarta na tsalle a bayanta.

Da hantsi Likita ya iso tare da Darakta. Ya shiga kowane aji ya ƙirga. Ya fita waje ya zagaya katanga, har bayan shagon mai faci sai da ya leƙa. Mai Jadawali na binsa a baya, zufa ta jiƙa masa takunkumi.

Suka dawo ofishin Hedimasta. Likita ya karɓi takardar mai kibiyoyi, ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa.

"Wannan ita ce mafi munin takardar da aka taɓa kawo mini," ya ce. "Ba ni biro."

Mai Jadawali ya miƙa masa nasa. Likita ya danna, ƙas, ya sa hannu.

Darakta ta sauke numfashi. "To, za a aika wa sauran makarantu. Sunanka zan sa a kai, ko?"

"A'a, ranki ya daɗe. Nawa shi ne na Litinin, kin ga yadda ya ƙare. Wannan na Malamar aji ɗaya ne da Baba Maigadi. Kuma kada a aika musu da takarda kawai. A ce kowace makaranta ta zaunar da maigadinta da malaman ƙananan azuzuwa, su za su faɗi wa ke zuwa da wa."

Darakta ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta ce, "Yau ka zauna, ko har yanzu ka fi jin daɗi a tsaye?"

Ya ja kujera ya zauna.

Da aka tashi, ya jira Malama a bakin ƙofa, ya karɓi jakar littattafanta. Suka taka zuwa bakin titi. Motoci na ta wucewa ba ƙaƙƙautawa. Ya sa ƙafa ya janye, ya sake sawa ya janye.

"Malama," ya ce a hankali, yana kallon gabansa, "ni fa ba a sa ni a kowane rukuni ba. Wa zai tsallakar da ni?"

Ta ƙunshe dariya a cikin takunkumi. Ta duba dama, ta duba hagu. Sannan ta kama bakin hannun rigarsa da yatsu biyu.

"Taho, Yallaɓai. Kada ka saki."

Bai saki ba.

Darasi: Kada matsayi ko ilimi su sa ka raina maganar wanda yake tsaye a inda abin ke faruwa. Kafin ka tsara wa mutane rayuwarsu, tambayi waɗanda suke ganinsu kowace safiya, ko da maigadi ne, ko da ta cikin gidanka ce. In kuma ka gane ka yi kuskure, ka faɗa da bakinka tun da sauran lokacin gyara. In labarin nan ya tuna maka da wani da ya taɓa gaya maka gaskiya ka ƙi ji, tura masa, ka kuma tura wa sauran 'yan'uwa su karanta.